Ƙarfen da Ya Je Sama Ya Dawo

Tun da na dawo ban ci kasuwar Dakoro ko ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. In na duƙa ina duba haƙoran saniya, sai in ji an dafa kafaɗata: "Malam Sani, wai da gaske shanunsu ba su da tozo?" In na tsaya sayen goro: "Malam Sani, ina hannun rigar nan taka guda ya tafi?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma duk wanda na ba sai ya ƙara mishi gishiri ya kai gaba. Shekaranjiya wani Bafillace daga Azagor ya rantse mini cewa malamin shanun Dakoro ya shiga kumbo ya leƙo wata. Na ce ai ni ne malamin shanun Dakoro. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce a'a, wancan ya fi ni tsawo. To ga shi nan sau ɗaya a rubuce. Wanda ya yi lakwal ya karanta wa wanda bai yi ba, a bar ni in yi aikina.

Ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba takarda ta zo daga Yamai, wai Amerikawa na gayyatar malaman shanu biyu su je su ga yadda suke kiwo, wata biyu. Kada wani ya ce don na fi kowa sani aka zaɓe ni. Wanda aka fara zaɓa, uwarshi ce ta ce in ya hau jirgin sama ba ta yafe mishi nononta ba, sai abin ya gangaro kaina, ni da tawa uwar ta riga mu gidan gaskiya.

Wadda ta rene ni ita ce Gwaggo Tasalla, yayar mahaifina. Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, Ilu, kuma shi ne na fari, don haka tun da nake ban taɓa jin sunanshi a bakinta ba. "Mai ɗakin can" take cewa. Shekara tara ke nan Ilu ya bi masu korar shanu zuwa Kurmi. Shanu suka isa, abokan tafiya suka dawo, suka ce ya ce zai yi damina ɗaya a Kumasi. Daga nan ko tari. Ɗakinshi kuwa kullum a share yake.

Babu malamin da Gwaggo ba ta je wa ba don a yi mata kiranye, kuma kowanne cewa yake a kawo abin da ya yi nisa ya dawo. Ta kai hakin sheƙar shamuwa. Ta kai gashin raƙumin da ya je Bilma ɗaukar gishiri. Akwai wani tsohon alhaji da ya je Makka da ƙafa, ta kankare sandarshi har sai da ya zama in ya hango ta yakan zauna a kan sandar. Ilu bai dawo ba. Ana nan sai rediyon kantin Alhaji Mati ta faɗi cewa Amerikawa sun rufe mutum cikin kumbon ƙarfe sun harba shi sama, ya kewaye duniya, ya faɗo cikin teku, ya fito yana dariya. Maza suka yi ta gardama ko ƙarya ce. Gwaggo ba ta yi gardama da kowa ba, ajiye maganar ta yi.

Ana jibi zan tafi ta aiko kirana. Sunan mahaifinta gare ni, shi ya sa take ce mini Babana.

"Babana, an ce ƙasar da za ka, can ne suka jefa mutum sama."

"Haka aka ce, Gwaggo."

"Ya dawo?"

"Ya dawo."

"Da ranshi? Ya iske uwarshi?"

Na ce ban ji labarin uwarshi ba, amma ina zaton ya iske ta. Sai ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan magagari, irin wanda maƙera ke goge ƙarfe da shi. Wajen Tanko maƙeri ta aro.

"Ba da yawa nike so ba. Kamar ƙwayar gero. Shamuwa ba ta kai inda wanga kumbo ya kai ba."

Ni da na yi lakwal, ni da ke da takardar shaida a bangon buro, wato ofishina, ya kamata in ce Gwaggo wannan ba mai yiwuwa ba ne. Na dubi hannunta riƙe da magagarin, na ce to. Alkawari kuwa kaya ne, kuma wannan ya fi adakata nauyi.

Da aka ji can akwai sanyi, sai Baba Sarsan, tsohon sojan nan na bayan masallaci, ya kawo mini babbar rigarshi ta sanyi da suke kira manto. Ya ce da ita ya yi yaƙin Turawa ya dawo, kuma shi ya gama da sanyi har abada, in riƙe. Tana warin asu da taba, ta kai mini har idon sawu.

Kamyon fatu, babbar motar kaya, na hau zuwa Maraɗi, a gaba kusa da direba, saboda girmana na mai zuwa Amerika. Girman bai kai Sabon Maci ba. Muna shiga yashin gulbi mota ta nutse, direba ya leƙo ya ce, "Mai zuwa Amerika, sauko ka tura." Muka shimfiɗa faifan ƙarfe, muka tura, muka ɗauko faifan muka sake shimfiɗawa a gaba, tun hantsi har azahar. Wata tsohuwa mai tallar fura ta tambaye ni ina za ni. Na gaya mata. Ta ce in dai haka nake tafiya in gai da jikokina in na isa.

A Yamai na kwana shida ina yawo daga buro zuwa buro. Ni da na yi shekara takwas ina caka wa shanu allura, ranar nan aka kama hannuna aka caka mini uku, kuma na gane dalilin da ya sa suke harbi. Wani mushe, ma'aikacin buro, ya tambayi ranar haihuwata. Na ce shekarar da fara ta cinye geron Ɗan Gulbi. Ya rubuta ɗaya ga watan Janairu. Abokin tafiyata, Sumana, wani Bazabarme ɗan Doso mai son wuyan riga da igiyar wuya irin ta Turawa, shi ma ɗaya ga Janairu aka rubuta mishi, muka tashi tagwaye. Sumana ya ce in kwantar da hankalina, ya iya Ingilishi. Daga baya na ƙirga kalmomin, ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma uku daga ciki sunayen abinci ne.

Maganar jirgi ba zan ja ta ba, zama ne kawai da ƙugi a kunne. Abu ɗaya ne ya dame ni. Bayan mun tashi daga Dakar mun hau kan teku, rana ta ƙi faɗuwa. Na yi la'asar a zaune, na jira magariba, na yi gyangyaɗi na farka, tana nan inda na bar ta. Na tambayi Sumana, ya ce binta muke yi. Na ce to a bar binta mana, mutane na da salla.

Iyakar ƙasarsu ba gulbi ba ce, ba kuma sanda a gicciye ba. Tebur ne dogo cikin wani zaure, da ɗan duwan mai binciken kaya, fari tas mai jan wuya. Ya buɗe adakata. Kilishin da matata ta kwana uku tana yi, ya ɗaga da yatsa biyu ya jefa cikin garwa. Cukun da wani Buzu abokina ya ba ni, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa shi a tebur, ya bi da shi. Wai kada in kawo musu ciwon shanu, ni da aka gayyato saboda na san ciwon shanu. Ya zo kan magagari, ya ɗaga shi yana juyawa. A nan ne tafintarmu ta iso, wata mace doguwa mai jin Faransanci, Madam muke ce mata. Ta ce yana tambaya na mene ne. Na ce na gyaran kofato. Ya gyaɗa kai ya mayar mini. Suka ƙwace abin da ba ya cutar kowa, suka bar mini wanda na zo ɓarna da shi.

Masaukinmu a babban birninsu gidan sama ne, ana shiga wani ɗan ɗaki ya hau da mutum. Cikin ɗan ɗakin nan za ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da mutum, numfashinshi na dukan wuyanka, ba zai tambaye ka gajiya ba, ba zai tambaye ka iyali ba. Kwana biyun farko ina gaishe su ɗaya bayan ɗaya, suna matsawa gefe. Na daina.

Babbar matsalata buta. Gidan da ke da ruwan zafi da na sanyi a bango, a ce babu buta ko ɗaya! Na duba na ga wata ƴar tulun tangaran a kan tebur da furanni a ciki. Na zare furannin na ajiye, na kai ta makewayi. Da muka dawo da yamma na tarar an mayar da ita kan tebur, da furanninta. Na sake zarewa. Washegari aka sake mayarwa. Mako guda muna wannan yaƙi ni da matar da ke gyaran ɗaki, ba mu taɓa haɗa ido ba. Rana ta takwas na tarar da furannin cikin kofi, tulun kuwa a makewayi, cike da ruwa, an ma juya hannunshi wajen dama. Duk ƙasar ban ga wanda ya fahimce ni kamar matar nan ba, kuma ban san ko fuskarta ba.

Abinci akwai shi kamar a yi kuka, sai dai ba ya zama a ciki. Nama su zuba mishi zaƙi. Madara sanyi ƙalau, ba sa barinta ta yi tsami ta zama nono. Ranar da Madam ta kai mu gidanta cin abinci na ga gero, gero na gaske, cikin ɗan kwano a kejin tsuntsu. Na ɗebi kaɗan na shinshina, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Madam ta tambaya ko ina son tsuntsaye. Na ce ƙwarai.

Shanun kuwa, i, ba su da tozo, yawancinsu ba ƙaho, ga ƙiba kamar an hura. Ni dai ba na sanin saniya sai na taɓa ta, haka aka koya mini. Ido na ruɗi, hannu ne ke faɗin gaskiya. Na shafa, na matsa, na buɗe baki, masu garken suna jin daɗi. Na tambayi wani sunan wata jar saniya. Ya kama kunnenta ya karanta mini lamba. Na ce wace ce uwarta? Ya ce bari ya ɗauko littafi. Bafillacen da zai buɗe littafi kafin ya san uwar saniyarshi, ai ko ƴaƴanshi ba za su gaishe shi ba.

A hanyar dawowa daga wani garke muka tsaya gidan abinci a bakin titi. Ni ina cikin babbar riga da hula, Sumana na cikin wuyan rigarshi da igiya. Mai gidan ya ce ni in shiga, Sumana ya tsaya waje. Madam ta yi ja har kunne. Da ƙyar ta fassara: ni an ga alama ɗan sarki ne daga nesa, shi kuwa ya yi kama da baƙaƙen garin, su kuma ba a ba su kujera a nan. Raina ya ɓaci ƙwarai. Muka koma mota da yunwarmu. Daga ranar Sumana ya ari rigata ta biyu, bai sake ɗaura igiya ba.

Duk wannan ana yi, magagari na cikin aljihun manto. Kullum sai na tambayi Madam ina aka ajiye kumbon nan, har ta fara cewa ba ta taɓa ganin malamin shanu mai son ilmin sama kamata ba. Saura kwana biyu mu taso ta kai mu.

Gidan ajiye kayan tarihi ne, ƙato, an rataye tsofaffin jirage a rufinshi kamar yadda ake rataye ƙwarya. Su al'adarsu ke nan, abin da ya gama aiki ba a ba maƙeri ya narke, ɗaki ake gina mishi a sa mai gadi. Muna shiga na hango shi: kumbo sabo fil yana ƙyalli, ƙofarshi a buɗe, mutane na layi suna shiga suna zama suna fitowa. Na ce abin nema ya samu. Na bi layi, na naɗe manto na cusa kaina ciki, na zaro magagari na goga a gefen kujera, sau uku, na tare garin cikin takarda na ƙunshe. Abin da ya ba ni mamaki, ƙarfen laushi gare shi. Na ce wataƙila haka sama ke mayar da ƙarfe.

Na fito ina jin kaina kamar wanda ya sauke farali. Na ce wa Madam, "Ashe ƙanƙane ne haka, kuma ko ƙuna babu." Ta yi dariya ta ce ai wannan kwaikwayo ne, katako ne da fenti, kafinta ya yi shi don masu son taɓawa su taɓa su huce. Ko kan soro bai taɓa hawa ba. Na gaske na can ciki.

Sumana, wanda ya san sirrina tun Dakar, ya dube ni ya dubi rufi.

Na gasken na tsakiyar wani zaure shi kaɗai. Bai kai rumbun tsaba girma ba, gindinshi baƙi ƙirin, a ƙone kamar gindin tukunyar da ta shekara kan murhu. Da ganinshi ka san wannan ya sha wuya. An rufe shi ruf da wani abu garai-garai kamar gilashi, an kewaye da jar igiya mai kauri, ga mai gadi a gefe, wani tsoho baƙi kamar ni, da furfura da hular aiki. Na kewaya sau biyu. Ta ƙasa, wajen da murfin ya haɗu da katakon da aka ɗora shi, na ga ƴar kafa da yatsa biyu za su shiga. Na jira tsohon ya juya yana nuna wa wata mata hanya, na ɗaga ƙafa na ƙetare igiya, na durƙusa.

Manton Baba Sarsan ce ta tone ni. Gefenta ya kama sandar da ke riƙe da igiyar, sandar ta faɗi ta ja ƴar'uwarta, ita ma ta ja ta gaba, ƙarar ta cika zauren kamar an zubar da kwanonin amarya. Kowa ya juyo. Ga ɗan sarki daga nesa a durƙushe, da magagarin Tanko a hannu.

Tsohon bai yi ihu ba. Ya zo ya miƙo tafin hannu, na sa mishi magagarin, ya jefa a aljihu. Ya tayar da sandunan ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya nuna mini benci. Madam ta iso tana haki, tana cewa za a iya kiran ƴan sanda, za a iya rubuta wa Yamai. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige, amma bakina bai mutu ba. Na ce ta gaya mishi ba sata na zo yi ba, kamar ƙwayar gero kawai nake so.

Ta faɗa mishi. Ya amsa a hankali, tana juya mini. Ya ce lokacin da aka fara nuna kumbon babu murfi, kuma duk wanda ya zo ƙwayar gero ɗaya yake so. Wani ya kankara da farce, wani da makulli, wani ya kwance ɗan ƙusa ya sa aljihu, wani ya rubuta sunan budurwarshi. Waɗanda ba su ɗauki kome ba ma, gumin hannunsu na cin ƙarfen. Ya ce wutar sama ba ta gama da shi ba, amma da an bar shi shekara biyu a hannun masu ƙaunarshi da sun gama da shi.

Ban so in yarda ba, sai dai na tuna gatarin aradun gidan Tanko, dutsen nan da aka ce tsawa ce ta jefo shi. Ina yaro yana cika tafin hannu. Mai tsoron tsawa ya zo a goga mishi kaɗan ya sha, mai ciwon kai ya zo a goga mishi kaɗan. Bara da na gan shi bai fi ƙwallon dabino ba.

Tsohon ya ce, to me zan yi da shi? Na ce a raina tunda asiri ya tonu bari in tone shi duka. Na ba shi labarin Gwaggo, da Ilu, da shamuwa, da sandar alhaji, da ɗakin da ake sharewa shekara tara. Madam ta fara fassarawa da murmushi, ta kai tsakiya murmushin ya tafi. Da ta gama tsohon ya dubi takalmanshi. Sa'an nan ya ce tun ranar da aka kawo kumbon nan yake gadinshi, kullum da safe shi ke goge murfin, kuma ko sau ɗaya bai taɓa ƙarfen ba. Ba zai bar ni ba. Amma ya ce kakarshi takan ce daga wajenmu aka kwaso mutanensu cikin jirgin ruwa, kuma tana yawan tunanin ko akwai wadda ta yi ta share ɗaki a can. Ya ce in gai da tsohuwa.

Abin da ya yi mini shi ne, ya jira mutane suka ragu, ya kwance igiyar da hannunshi, ya kai ni gaban ƴar tagar kumbon, ya ce in sa hannuwana a baya in duba iya son raina. Na duba. Kujera ce ƴar ƙarama, mutum ba ya zama cikinta sai a naɗe, gwiwa kusa da ƙirji, kamar ɗa a ciki. Na daɗe a wurin. A bakin ƙofar fita ya mayar mini da magagarin, ya sara mini irin na soja, wataƙila saboda manton.

Ƙunshin garin katakon nan kuwa yana aljihuna. Tun daga can har Yamai Sumana na yi mini huɗuba: "Ka ba ta mana! Ina za ta sani? Gari gari ne. Ka faranta ran tsohuwa." A Doso da zai sauka ma sai da ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Tagwai, kada ka yi wauta." Na so in bi shawararshi, ba zan ɓoye ba. Har yashin gulbi ya sake kama mu ina turawa ina shirya ƙaryar.

Na iso Dakoro da hantsi, cikin zafin bazara, sanye da manto don babu wuri a adaka. Kafin in sha ruwa na wuce ɗakin Gwaggo. Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen can da shanunsu, duk ba ta gaggauta ba. Sa'an nan ta buɗe tafin hannunta ta ɗora a gwiwa. Yatsuna na kan ƙunshin. Na dubi hannun nan da ya yi mini wanka ina ƙarami, na kasa.

"Gwaggo, ban samo ba. Na gan shi da idona, amma an hana taɓawa."

Hannun ya daɗe a buɗe kafin ta rufe shi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ba ta labarin duka, har faɗuwar sanduna, har gaisuwar tsohon. Ta ce tana amsawa. Ta tambaya, da kumbon ya faɗo teku, mutumin da kanshi ya iyo gida? Na ce a'a, jirgin ruwa aka tura aka ɗauko shi.

"Ashe shi ma sai da anka je anka ɗauko shi," in ji ta.

Maganar nan ta soke ni, har yau tana nan. Tun daga ranar duk falken goron da zai gangara Kurmi sai na ba shi saƙo da kwatance.

A zaman nan dai, idon Gwaggo ya sauka kan rigar da ke jikina. "Wagga riga da ita ka hau sama?" Na ce da ita. "Da ita ka ƙetare teku, ka tsaya gaban kumbon?" Na ce har ita ce ta kayar da sandunan. "Kuma ita ce ta je yaƙi tare da Sarsan ta dawo," in ji ta. Ta jawo aska daga ƙarƙashin tabarma ta yanki bakin hannun hagu, kamar faɗin yatsa biyu, ina ciki.

Ban san gidajen da ke jiran wani suna da yawa haka a ƙasar nan ba sai bayan kwana uku. Wadda mijinta ya tafi Ikko, wanda ƙanenshi ya bi Buzaye arewa, wadda ɗanta ya shiga soja ba wasiƙa. Daga Ɗan Gulbi ma an zo a kan jaki. Kowa ɗan kaɗan yake so, kuma wa zan hana? Kafin kasuwa biyu hannun hagu ya tafi har kafaɗa, an fara cin aljihu. To ga amsar masu tambayar hannun riga.

Gwaggo ce ta tsayar da abin. Ta zo da kanta ta ƙwace manton, ta rataye ta cikin ɗakin Ilu, ta ɗaura igiyar guga a bakin ƙofa daga wannan dogari zuwa wancan, ta ajiye kujerarta a gefe. Wata mata ta yi ta roƙo, ko zare ɗaya. Gwaggo ta ce, "Ido dai, ɗiyata. In kowa ya ɗebi zare, mi za ya tarar in ya zo?" Har ni mai rigar ba ni da izinin ƙetarewa. Baba Sarsan ya zo ya tsaya bayan igiya ya kalli rigarshi, ya ce ko a yaƙi ba ta ji jiki haka ba. Garin katakon kuwa na zuba shi a murhu, ya ci wuta kamar kowane katako.

Ilu bai dawo ba tukuna. Amma ran Juma'ar da ta wuce na biya da sassafe in gaishe ta, na tarar kujerar ba kowa, igiyar a ɗaure. Na leƙa. Tana ciki tsaye, ta kama hannun rigar da ya saura da hannu biyu, ta kai bakinta ga bakinshi kamar mai magana cikin rijiya. Malamai sun sha gaya mata kiranye ba ya ci sai an kira suna, ita kuwa shekara tara tana cewa a kira mata. Ina tsaye na ji ta, da muryar da ban san tana da ita ba:

"Ilu. Ilu. Ilu, ka zo gida."

Igiyar ba ta kai gwiwata ba. Na sa hannuwana a baya, na tsaya daga waje har ta gama.